Shafi na Arba'in da Ɗaya Ba Ni Na Rubuta Ba

Salamu alaikum mutanen gurup. Na san kuna jiran ku ji ko Shu'aibu mai gyaran waya zai farfaɗo daga suman da ya yi a filin jirgi. Ku bar shi a kwance tukuna, ba inda za shi. Yau labarina zan ba ku, ni Kadijatu ta Kagarawal, wadda kuke kira Anti Kadi ko da kun girme ni. Wanda ya shigo jiya ma ya samu wuri ya zauna, daga farko zan ɗauko.

Ni da rubutu nake ci. Ban yi jami'a ba. Sakandare na gama na zauna a gida, na karance duk takardar da ta shigo gidanmu, har wadda ake naɗo ƙosai a ciki. Manyan yatsuna biyu su ne ofishina. In mai sayar da atamfa tana son kalaman da za ta sa a ƙasan hoto, ni ce. In amarya tana son jawabin godiya da za ta karanta a dina, ni ce, har wurin da za ta tsaya ta share hawaye nake sa mata alama. Masu barkwanci a TikTok in kansu ya ƙulle, ni ce. Sai kuma littafin nan da nake sako muku shafi-shafi, Layin 'Yan Caji.

Bayan ƙaramar sallah na fara tari. Umma ta ce ruwan firji ne. Maƙwabta suka ce baki ne, wai na cika sa hotona a sitatus. Asibiti suka ce tarin tibi.

Magani wata shida. Ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwallon dabino, da sassafe kafin ka sa komai a ciki. Fitsarinka ya koma kamar an jiƙa zoɓo. Umma ta kwashe buhunan masara daga ɗakin baya ta shimfiɗa min katifa, ta hana kowa shiga sai ita. Ta ɗauki kofin roba ɗaya da faranti da cokali, ta ɗiga musu jan farce a gindi. Sista Edna, nas ɗin da ke ba mu magani, 'yar Billiri ce mai baki kamar reza, ta ce mata, "Mama, ba ta kofi ake ɗauka ba. Kuma in ta jima tana shan magani ba ta shafa wa kowa."

Umma ta ce, "To 'yata, Allah ya yi albarka."

Muka dawo gida ta ƙara jan farcen, don ya fara gogewa.

Ina da saurayi a lokacin, Suhaib, shekara biyu muna tare. Ya turo min hoton furanni da "Allah ya ƙara sauƙi". Daga ranar layinsa ya shiga hidima. Kwanaki na ji an kai masa kuɗin aure Nasarawo. Ban yi kuka ba, kuma kada ku ce jarumta ce. Na nemi kukan ne ban same shi ba, kamar ka laluba aljihun rigar da aka wanke.

A wata na biyu yatsuna suka mutu. Tafin ƙafata kamar kullum a kan katifa nake tafiya, hannuna kamar an sa masa safa. Sista Edna ta ce maganin ne ke yi wa wasu haka, ta ƙara min wata 'yar ƙwaya, ta ce zai saki a hankali. In na nufi harafi ɗaya sai in danna maƙwabcinsa. Layi ɗaya sai ya ci min rabin awa. Ku kuma kuna ta "Anti Kadi shiru", "Anti Kadi a taimaka", kamar abinci nake rabawa.

Ina da ƙanwa, Khairiyya, shekara biyu na ba ta. Tana aji uku a jami'a, kemistiri take karantawa. Duk datarta a fim ɗin Koriya take ƙarewa, tana kallo tana jan hanci. Ita ce ta tsaya a bayan ƙofata ta ce, "Adda, ki dinga yi min saƙon murya mana, ni in buga in sa musu."

Haka muka yi shafi na talatin da takwas, da tara, da arba'in. Ina faɗa tana bugawa. Ranar na arba'in da ɗaya na danna na riƙe. Minti huɗu. Ba komai a ciki sai tari da kukan akuyar maƙwabta. A ƙarshe na ce, "Ki ce ya tafi kasuwa." Na tura.

Da yamma na ga an sa shafi. Sharhi ya fi ɗari uku, abin da ban taɓa samu ba. Ban buɗe ba, ban tambaya ba. Na dai san tari ba ya cika shafi. Washegari na sake tura mata wani shirun, ta sake sa wani shafin. Daga baya ma na daina turawa, shafuka ba su daina fitowa ba. Ni ina kwance ina kallon silin. Akwai wani tabon ruwa a jikinsa, na san shi fiye da yadda na san fuskar Suhaib.

Ina wata na biyar saƙon ya shigo, daga lambar da ban sani ba.

"Assalamu alaikum ya ma'abociyar alƙalami. Sunana Mudathir, malami, manazarci, mai sharhin adabi. Na bibiyi aikinki. Shafi na ɗaya zuwa arba'in, to, ba laifi, rubutu ne na mai koyo. Amma daga arba'in da ɗaya wani abu ya faru. You found your voice."

Na buɗe hoton da ke kan lambar. Mutum ne ya dafa haɓa da yatsa ɗaya, bayansa kantar littattafai, yana kallon nesa kamar an ce masa ga motar Bauchi can ta taso.

Na rubuta, "Wa alaikumus salam. Na gode."

Ya ce, "Ko gajeriyar amsarki akwai zurfi a ciki."

Barci nake ji.

Turanci yake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Nasarawo. Sati biyu yana turo saƙo, kowane kamar huɗuba. Na gaya masa ciwona ƙarara don ya kama gabansa. Maimakon haka sai ya nemi lambar Baba. Baba yana sayar da robobi da kwanuka a Kasuwar Gombe, Malam Mudathir ya je har rumfa ya durƙusa a tsakanin bokitai ya gaishe shi. Aka ba shi Juma'a bayan la'asar.

Ranar Umma ta fito da leshina ruwan toka na bikin 'yar Kawu. Na sa, ya zauna a jikina kamar a jikin ƙusa aka rataye shi. Ta kama bayan da fil uku. Khairiyya ta ɗaura min ɗankwali, ta shafa min hoda, ta zizara min kwalli. Lokacin an ɗage dokar shiga ɗakina, ta kofi ce kawai ba a ɗage ba.

"Adda, ki ɗan yi murmushi in ya yi magana."

"In ya faɗi abin dariya zan yi."

"Ko bai faɗa ba."

Turarensa ya riga shi shigowa falon Baba. Shadda ruwan ƙasa, hula zanna, jaka a rataye, da gilashin da na tabbata ba likita ne ya rubuta masa ba. Littafi a hannu, ya riƙe shi yadda bangon zai kalli mutane. Ya zauna, ledar kujera ta yi ƙara, ya yi gyaran murya ya rufe ƙarar.

Khairiyya ta kawo tire: zoɓo, cincin, kofin gilashi nasa, kofin roba nawa. Ta gaishe shi ta fita. Labulen da ke tsakanin falo da tsakar gida yana da ƙafafu a ƙasansa, sanye da silifas ɗin Umma.

"Ranki ya daɗe, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Kin san ciwo shi ne jami'ar marubuci. Tarin nan ya buɗe miki wata ƙofa."

"Huhu ya buɗe min. An nuna min hoton."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya ce, "Dark humour." Sai idonsa ya sauka kan tire. "Me ya sa kofinki daban?"

Na juya masa gindin kofin ya ga jan farcen.

Ya miƙo hannu ya karɓa, ya tsiyaya zoɓo a ciki, ya shanye, ya ajiye. Ya turo min na gilashin gabana. Silifas ɗin da ke ƙasan labule suka ja baya taku ɗaya.

Zan faɗi gaskiya tunda yau ranarta ce. Wata biyar ba wanda ya taɓa kofin nan sai da soso. Na duba cikina ko zan ji wani abu. Akwai ɗan motsi can ƙasa, kamar waya tana ruri a ɗakin da aka kulle.

Sai ya lumshe ido ya ɗaga yatsa. "Bari ki ji abin da ya kawo ni gidan nan. Shafi na arba'in da ɗaya, lokacin da Shu'aibu ke kwance, aka hana masoyiyarsa Nana Hauwa shiga wurinsa." Ya karanto da ka: "Ta zauna a bakin ƙofar da aka hana ta buɗewa, tana ƙirga tari. In ya yi tari ta ji tsoro. In ya yi shiru ta fi jin tsoro. Sai ta gane ashe tarin ma gaisuwa ce, yana ce mata ina nan."

Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Ya buɗe ido ya girgiza kai. "Tawali'u. Shi ma alamar manya ne."

Ranar Litinin, a layin karɓar magani, na buɗe littafina na karanta daga arba'in da ɗaya zuwa sittin da takwas. Ku kun riga kun sani, ni ce baƙuwa. Shu'aibun da na bari da sukuddireba a rumfar kwano, ashe ɗan wani attajiri ne aka musanya a asibiti. Ya je Turkiyya. Ya faɗo daga bene ya manta sunansa. An yi ruwan sama sau tara, kowane sai da ya tsaya a ciki ba lema. Sau shida yana damƙe hannun Nana Hauwa a tsakiyar titi yana juyo da ita. A Gombe. In ka yi haka a Kagarawal kafin ka gama juyo da ita an juya maka fuska. Ita kuma Nana Hauwa mai awarata, wadda na san tana zagin mai neman canji, yanzu ba ta da aiki sai siririn hawaye.

Amma a tsakanin tarkacen nan akwai wuraren da mai rubutun ke manta fim. Wurin ƙofa. Wurin da Nana Hauwa ke wanke faranti ɗaya daban, tana jin kamar cin amana take yi. Wurin da ta ga an ƙara wa bel ɗinsa rami da ƙusa saboda rama. Waɗannan ban iya su ba. Ko da lafiyata ban iya su ba.

Sista Edna ta ɗora ni a sikeli. "Kin ƙara kilo ɗaya da rabi, madam marubuciya. Wannan fuskar fa, wa ya mutu?"

"Shu'aibu ne ya manta sunansa."

"Allah ya ba shi lafiya. Ki ce a kawo shi mu duba. Na gaba."

Na samu Khairiyya a kicin tana tuƙa tuwo, wayarta jingine da gwangwanin gishiri, wasu 'yan Koriya biyu suna kallon juna a kan gada.

"Kin kai min Shu'aibu Turkiyya."

Muciyar ta tsaya. "Adda..."

"Mutumin da ko Dadin Kowa da ke nan kusa bai taɓa zuwa ba."

"Ba ki ce komai ba ne, Adda. Na saurara sau uku, tari ne kawai. Mutane suna ta fita daga gurup. Na ce in kin tashi kada ki tarar ba kowa."

"Wurin ƙofar fa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tuƙi a hankali. "Nan nake zama in kowa ya fita. Ba ki sani ba."

Ban sani ba. Ya kamata a ce na rungume ta, a littafinta da haka za a yi, har da ruwan sama. Na tsaya ina kallon tuwon yana huci.

"Zan gaya masa," na ce.

"Ki gaya wa wa me?" Umma ce a bakin ƙofa, da tsintsiya a hannu. Ashe tun ɗazu take sharar wuri ɗaya.

"Umma, rubutun da ya kawo Malam Mudathir ba nawa ba ne."

"Na waye?"

"Na Khairiyya."

"Khairiyya 'yar gidan uban wa ce? Ba nan gidan aka yi rubutun ba? In baƙo ya yaba tuwo, tashi muke mu ce ba uwar gidan ce ta tuƙa ba?"

"Wannan ba tuwo ba ne."

"Ke dai kin fi kowa sani, Kadijatu." Ta jingine tsintsiyar. Muryarta ta sauka. "Mutum ya san ciwonki, ya zo da ƙafarsa, ya sha a kofinki. Ni da na haife ki ban sha ba. Kina ganin irinsa biyu ne a garin nan? Wancan da kuka shekara biyu yana ina? Ki rufe bakinki a ɗaura. In an ɗaura ki rubuta masa duk abin da kika ga dama."

Na ce to. To ba ta da wuya.

Sai na ce bari in gwada ko zan iya zama wadda yake nema. Yatsuna sun fara dawowa, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Na karɓi littafina na rubuta shafi na sittin da tara da kaina. Kwana uku ina yi. Na dawo da Shu'aibu kasuwa, ya tuna sunansa ba tare da an buga masa komai a ka ba, aka kawo masa wayar da ta faɗa miyar kuka, yana busar da ita yana faɗa da mai ita. Ni dai na ga ya yi. Haka mutane suke magana.

Kun tuna abin da kuka ce?

"Anti Kadi jikin ne ya tashi?"

"Ina maganar gadon babansa?"

"Gaskiya yau ba daɗi, ko hawaye ban yi ba."

Wata ma cewa ta yi an sace min waya.

Malam Mudathir ya turo nasa daban. "Na karanta sittin da tara. Kada ki damu, kowane marubuci yana da ranar da ilhama ke tafiya ganin gida. Ki koma bakin ƙofar nan, can ne gidanki."

Na miƙa wa Khairiyya wayar na ce ta ci gaba. A shafi uku ta kai shi filin jirgi ta sumar da shi, kuka dawo kuna sa mata albarka da sunana.

Kada ku ɗauka mutumin nan iyayi ne kawai. Iyayin yana nan, buhu guda. Yakan ce "a falsafance" kafin ya faɗi cewa rana ta yi zafi. Amma kullum ƙarfe shida na safe saƙonsa ke shigowa, kalma biyu: "Kin sha?" Ba huɗuba, ba Turanci. Ranar da na makara ban amsa ba, ya kira Baba. Ya kawo min ƙwai kiret guda a kan acaɓa, ya rungumo shi tun daga Nasarawo, biyu kawai suka fashe a shaddarsa. Ni da ba na jiran komai, sai na tarar ina farkawa shida saura.

Aka sa ranar Asabar ɗin nan kawunansa za su zo wurin Baba neman aure. Umma ta sa an yi wa falo fenti. Ta ba da ɗinkin sabon leshi daidai jikina na yanzu, ta ce tela ya bar wurin buɗawa.

Jiya Talata ya zo bayan la'asar, da takardu a jaka. Wai muƙala ya rubuta a kaina, shafi goma sha biyu, zai gabatar a taron marubuta. Na sa atamfa shuɗiya da mayafin Umma. Khairiyya ta shigo da tire. Na lura ta sa mayafinta na fita unguwa, mai duwatsu a baki, don kawo zoɓo daga kicin zuwa falo. Na lura kawai.

Ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage min, in kin amsa na rufe muƙalar. Ke ce mai tarin. Ke ce a kwance a cikin ɗaki. Ta yaya kika san abin da na waje yake ji? A falsafance, wannan shi ne abin da ya fi ɗaure min kai. Marar lafiya ya manta kansa ya shiga zuciyar mai jinya. Na gaya wa kawuna, macen da ta iya wannan ita nake so ta zama uwar 'ya'yana."

Ya zare murfin biro yana jira.

Amsoshi sun zo min guda uku, duk masu kyau. Sana'ata ce. Na rubuta wa amaren da ban taɓa gani ba hawayensu, wannan ba zai gagare ni ba. Silifas suna ƙasan labule. Khairiyya ta durƙusa tana tsiyaya zoɓo.

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Ni ina ciki. Wadda ke waje ga ta nan."

Zoɓon ya cika kofi ya zubo a tire.

"Ban gane ba."

"Ita ta rubuta. Yatsuna sun mutu lokacin, bakina ma haka."

Ya cire gilashin. Ban taɓa ganin fuskarsa babu shi ba, ashe yaro ne. Ya juya ya kalli Khairiyya, kallon da tunda yake zuwa gidan nan bai taɓa yi mata ba.

"Gaskiya ne?"

Ta ajiye jug ɗin ta fita da sauri, har ta bangaji labule da wadda ke bayansa.

"Daga arba'in da ɗaya?"

"Har saba'in da biyu. Banda sittin da tara."

"Sittin da tara."

"Ita ce tawa. Da na mai koyon nan, ɗaya zuwa arba'in."

Ya daɗe yana kallon takardunsa. Ya mayar da murfin biro. Ya jera shafukan ya buga gindinsu a gwiwa sau uku ko huɗu, alhali a jere suke.

"Me ya sa kika gaya min?"

"Ka tambaya."

"Da kin yi shiru ba zan taɓa sani ba."

"Da ka sani. Ranar da ka ce in rubuta maka wani abu a gabanka."

Ya miƙe ya ce a gaida Umma. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai faɗi wata magana mai nauyi, irin wadda ake sawa a sitatus. Sai ya ce, "Ki dai dinga shan maganin." Ya fita.

Umma ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ma ya fi. Ta zo ta ɗauke tiren, ta goge zoɓon da ya ɗiga a sabon fenti da gefen zaninta, ta ce, "Kin huta." Khairiyya ta kulle kanta a ɗaki, ba na jin ƙarar fim.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo. Ga shi yadda yake, ban gyara masa komai ba.

"Kadijatu, na gode da gaskiyarki, ta ƙara miki daraja a idona. Amma na shiga ruɗu. Wadda nake zuwa wurinta daban, wadda na karanta daban, kuma duk biyun gida ɗaya suke. Kawunaina sun riga sun shirya, ba zan ce su fasa ba. Za su zo Asabar kamar yadda aka tsara. Ki ba ni zuwa Juma'a in yi istihara, sai in gaya miki sunan da za su faɗa wa Baba."

Na karanta sau biyu. Ko kalmar Turanci ɗaya babu.

Umma ta leƙo. "Shi ne? Me ya ce?"

"Ya ce suna nan zuwa Asabar."

Ta dafa ƙirji ta yi hamdala, ta ce Allah ya rufa asiri duk da bakina. Ta tafi tana kiran mai kaji a waya.

Na tashi na ƙwanƙwasa wa Khairiyya. Ta buɗe, idonta ya kumbura. Na miƙa mata wayar. Na tsaya ina kallonta tana karantawa, ta kai ƙarshe, ta koma sama ta sake farowa.

Na san ƙanwata. In aka ce mata ga wani yana sonta, kafin a rufe baki ta ce Allah ya sawwaƙe. Ta faɗa wa ɗan mai unguwa, ta faɗa wa malaminsu na jami'a mai mota. Na tsaya ina jira ta faɗa.

Ta miƙo min wayar da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Adda, cajinki ya kusa ƙarewa."

Yau Laraba.